Alkawarin Shekara Goma: Ranar da Masu Karatu Suka Hau Dutsen Changbai Tarbar Mutumin da Babu Shi

Ranar 17 ga Agusta, 2015, garin Erdaobaihe da ke gindin dutsen Changbai a lardin Jilin, can arewa maso gabashin ƙasar Sin, ya cika ya batse. Dama watan Agusta lokacin masu yawon buɗe ido ne a wurin, don a lokacin ne aka fi samun hawa a ga tafkin Tianchi da ke ƙwanƙolin dutsen, sama da mita 2,000, daidai kan iyakar Sin da Koriya ta Arewa. Amma baƙin wannan shekarar daban suke. Matasa ne, da yawansu 'yan mata, wasu sanye da shuɗiyar riga mai haɗe da hula, wasu riƙe da ƙyallaye masu rubutu. Masauki ya yi wuya. Duk wanda ka tambaya me ya kawo shi, amsar guda ce: ya zo ɗauko Xiaoge ya kai shi gida.

Xiaoge dai babu shi a duniya. Sunansa Zhang Qiling, kuma a cikin littafin Daomu Biji kaɗai yake raye, wato "Kundin Ɓarayin Kaburbura". A ƙarshen littafin ya shiga bayan wata ƙatuwar ƙofar tagulla a ƙarƙashin wannan dutse, da sharaɗin sai bayan shekara goma. Babu ƙofar tagulla a Changbai, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan matasa da bai san haka ba. Sun sani sarai, suka sayi tikiti suka zo.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, shekara huɗu kafin wannan rana, waɗannan masu karatu ne dai suka yi wa marubucin ca, suna cewa ya ɓata musu ƙarshen labari.

Rami da mai haƙa shi

Marubucin shi ne Xu Lei, haifaffen lardin Zhejiang a 1982. Harkar kasuwanci yake yi kafin ya kama rubutu. A 2006 wani labari mai suna Gui Chui Deng, na Tianxia Bachang, ya tashi kan masu karatu a intanet da batun masu fasa tsofaffin kaburbura. Cikin wannan guguwa Xu Lei ya fara zuba nasa labarin a dandalin Baidu Tieba, daga baya ya koma Qidian, babban shafin ƙagaggun labarai na ƙasar. Sunan alƙalaminsa Nanpai Sanshu, ma'ana "Baffa na Uku na ɓangaren Kudu", kuma masu karatu Baffa na Uku kawai suke ce masa. A 2007 aka buga juzu'i na farko a takarda.

Sai an fahimci yadda Qidian ke tafiya kafin a gane zafin masu karatu. Tun 2003 shafin ya shigo da tsarin biya: babukan farko kyauta, daga nan mai karatu ya riƙa biyan 'yan kwabbai a kan kowane haruffa dubu. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma ya sauya dangantaka. Wanda ya sayi littafi a kanti ya sayi abin da aka gama. Wanda ke biya babi bayan babi kuwa ya zuba jari ne a abin da ba a gama ba, don haka yana ganin yana da bakin magana, kuma yana maganar a ƙasan babin, a ranar da ya fito, marubuci yana gani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga wannan zama ne masu karatun Sin suka ƙirƙiro kalmominsu. Labarin da aka fara ana ce masa keng, rami. Marubuci yana haƙa rami, mai karatu ya faɗa ciki, sannan ya zauna a ƙasa yana jiran a zo a cike. Matsa wa marubuci ya sako sabon babi shi ne cuigeng. Labarin da ya ƙare a lalace lanwei ne, ruɓaɓɓiyar wutsiya. Wanda aka watsar ba a ƙarasa ba kuwa taijian ake ce masa, sunan bayin fadar sarakunan da, waɗanda aka dandaƙe, kuma ba sai na fassara barkwancin ba. In marubuci ya kashe wani da ake so, za ka ji ana cewa za a aika masa da reza ta gidan waya. Ba aikawa ake yi ba, zance ne, amma ya nuna irin kusancin da ke tsakani. A cikin wannan harshe, Baffa na Uku ya yi suna a matsayin gwanin haƙa rami, rago wajen cikewa.

Labarin kansa a bakin Wu Xie yake, wani matashi mai shagon kayan tarihi a birnin Hangzhou, jikan wani tsohon mai fasa kabari. Sunansa a kunne ya yi daidai da kalmar da ke nufin "marar mugunta", shi ya sa abokinsa Wang Pangzi, wato Wang Mai Ƙiba, ke tsokanarsa da Tianzhen, wanda bai san duniya ba. Wani tsohon rubutu a kan siliki ya sa ya bi baffansa zuwa wani kabari a Shandong, daga nan kuma hanya ta miƙe: kabarin ƙarƙashin teku a tsibiran Xisha, tsaunukan Qinling, fadar da ke cikin dusar ƙanƙarar Changbai, fadamar macizai a yankin Qaidam, ƙauyen Banai a Guangxi. Na ukunsu shi ne Zhang Qiling. Masu karatu suna kiran su ukun "murhun ƙarfe", in an nemi abin da ya fi kusa a Hausa, don kalmar tasu tana nufin kusurwa uku ta ƙarfe, wadda in an cire ɗaya sauran ba sa tsayawa.

A kan Zhang Qiling ya kamata a daɗe, don shi ne tushen komai. Ba ya magana sai ta kama dole, har Wu Xie ya laƙaba masa Menyouping a zuci, kwalbar mai da aka toshe wa baki. Sauran suna ce masa Xiaoge, irin kiran da ake yi wa saurayin da ba a saba da shi ba. Yana da yatsu biyu dogaye fiye da kima, da takobi baƙi, da zanen qilin, wata dabbar almara ta Sin, da ke fitowa a jikinsa in jikin ya ɗau zafi. Jininsa na korar ƙwari. Ba ya tsufa kamar sauran mutane, kuma lokaci zuwa lokaci mantuwa kan share masa duk abin da ya sani. Ko sunan nasa ba suna ba ne, sarauta ce ta shugaban zuriyar Zhang, kuma ma'anarta ɗaukar makara. A takarda, in aka jera waɗannan siffofi, jarumi ne irin wanda ake samu a ɗaruruwan labarai. Abin da ya raba shi da su zama ɗaya ne a bakin wuta, a kan hanyar fadamar macizai, inda ya buɗe baki ya gaya wa Wu Xie cewa shi mutum ne marar jiya marar gobe, in ya ɓace daga duniya ba wanda zai lura. Wu Xie ya ce masa shi dai zai lura.

A ganina duk abin da ya faru a 2015 daga wannan amsa ya tsiro. Labarin da "ni" ake ba da shi. Mai karatu ya yi shekaru yana kallo da idon Wu Xie, yana jin tsoro da zuciyarsa, to da Wu Xie ya ɗau wannan alkawari, bakin mai karatu ne ya furta shi.

Kafin a kai ƙarshe marubucin ya riga ya gwada zukatansu sau biyu. A-Ning, mace mai taurin kai da ke aiki wa wani kamfanin ƙetare, ta mutu farat ɗaya, maciji ya sare ta a bakin ruwa, babu jawabi babu ban kwana. Wasu suka ce an yi asararta a banza, wasu suka ce haka mutuwa take, ba ta sallama. Na fi karkata ga na biyun. Pan Zi kuwa, tsohon soja, amintaccen yaron baffan Wu Xie, ya maƙale a cikin dutse a juzu'in ƙarshe, ya riƙa harbi yana share wa Wu Xie hanya, yana rera masa waƙa cewa ya ci gaba kada ya waiwayo. A kan wannan ba a yi gardama ba. Kuka aka yi, har yau kuma in masu karatun suka haɗu ana tuna shi.

Disamba 2011

Juzu'i na takwas, kashi biyu, ya fito a ƙarshen 2011. An shekara biyar ana jira a ji abubuwa uku aƙalla. Mene ne a bayan ƙofar tagulla, abin da littafin ke kira zhongji, wato matuƙar komai? Wane ne "Shi", ɓoyayyen ƙarfin da ke juya kowa tun farko? Ina baffan Wu Xie ya shiga, kuma wanda aka sani a matsayin baffan shi ne ko wani ne sanye da fuskarsa? An taɓa wasu daga ciki sama-sama, cikin dogon bayani da ya fi kama da taƙaitawa. Ƙofar kuwa ba a buɗe wa kowa ita ba.

Abin da aka samu shi ne wannan. A kakar 2005, a lissafin labarin, Zhang Qiling ya zo Hangzhou ya yi wa Wu Xie ban kwana. Wu Xie ya bi shi har cikin ƙanƙarar Changbai, tafiyar kusan kilomita 1,500 a miƙe. A can ya ji cewa tsofaffin gidaje tara na masu fasa kabari, har da gidansu, sun taɓa ɗaukar alkawarin gadin ƙofar bi da bi, ba wanda ya cika, kuma wannan karon layin Wu Xie ne. Zhang Qiling ya shiga a madadinsa. Ya bar masa wani hatimi, ya ce bayan shekara goma, in har yana tune da shi, ya zo ya karɓe shi.

Masu karatu suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda suka shigo don wasa ƙwaƙwalwa, masu zana jadawalin shekaru da bishiyar zuriya, masu komawa juzu'i na biyu su ciro jimla guda su gwada ta da ta bakwai. Waɗannan sun ji an yaudare su, kuma kalmar ruɓaɓɓiyar wutsiya ta yi yawo sosai a lokacin. Ni kam ina ganin suna da gaskiya. Mai rubuta labari babi-babi yana bukatar ƙugiya a ƙarshen kowane babi, kuma hanya mafi arha ta amsa tambaya ita ce a rufe ta da tambayar da ta fi ta girma. Wannan cin bashi ne a biya bashi. Yana tafiya daidai har ranar da masu bin bashin suka taru a ƙofar gida gaba ɗaya, ranar kuwa ita ce juzu'in ƙarshe. Sirrin da aka yi shekara biyar ana hura wa iska, babu bayanin da zai cika shi. Ba na jin marubucin ya ɓoye amsar ne don gwaninta.

Ɗaya ɓangaren bai damu da ƙofar ba, ya damu da wanda ke bayanta. Su tsagewar bangon ma ta yi musu daɗi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suka cika giɓin da nasu rubuce-rubucen, da zane-zane, da waƙoƙi. Wasu sun ɗauki abin da ke tsakanin Wu Xie da Zhang Qiling a matsayin amintaka, yadda littafin ya kawo shi, wasu kuma suka kai shi inda littafin bai kai ba, kuma ɓangarorin nan biyu sun sha yin sa-in-sa. Suna kiran kansu Daomi, wanda a rubuce shinkafa yake nufi, a kunne kuma ya yi kama da "masoyan Daomu".

Sai dai akwai abu guda da marubucin ya yi, ko da gangan ko a dace, wanda ya riƙe ɓangarorin duka. Ya sa wa bashin rana. Labarin ya tsaya a 2005, littafin ya fito a 2011, alkawarin kuma zai cika a 2015. Ke nan ranar tana gaba, a kalandar da ke rataye a ɗakin mai karatu. Da a ce shekarar ta riga ta wuce, da sai a ce ya rage a rubuta kawai. Amma yanzu Zhang Qiling yana bayan ƙofa a daidai lokacin da kake aji ko kake bakin aiki, kuma kai da Wu Xie tare kuke jira. Ba a ce ƙurunƙus ba, an ce sai wani jiƙon. A hankali ranar 17 ga Agusta ta zauna a bakin masu karatu, har lambar 817 kaɗai, wato wata na 8 rana ta 17, ta isa a gane abin da ake nufi.

A watan Maris na 2013 Baffa na Uku ya sanar a shafin sada zumunta na Weibo cewa ya ajiye alƙalami. Daga baya iyalinsa suka bayyana cewa rashin lafiya yake fama da shi. Labarai biyu da ya fara a matsayin ci gaba, Zang Hai Hua da Sha Hai, suka tsaya a hanya, ramuka biyu a kan na da. Ga mai karatu a wannan lokaci, babu tabbacin za a taɓa rubuta fitowar Zhang Qiling. Ina ganin wannan ya ƙara wa batun tafiya Changbai nauyi. In mai labari ba zai je ba, ai wani ya je.

Wata biyu kafin ranar, a Yunin 2015, kamfanin iQiyi ya fara nuna wasan kwaikwayon littafin a intanet, Li Yifeng a matsayin Wu Xie, Yang Yang a matsayin Zhang Qiling. An kalla sosai, har shafin ya durƙushe a farkon Yuli da aka saki dukkan kashi-kashin ga masu biya. Amma masu karatu sun yi masa kaca-kaca. A dokar Sin ta kare kayan tarihi, duk kayan tarihin da ke binne a ƙasa na gwamnati ne, kuma fasa tsohon kabari laifi ne da har zuwa 2011 yana iya kai mutum ga hukuncin kisa. Ba za a nuna ɓarayin kabari a matsayin jarumai a allo ba. Don haka aka mayar da Wu Xie mai kare kayan tarihi, wanda duk abin da ya gani sai ya ce a miƙa wa hukuma. Wannan jimla ta zama abin ba'a a faɗin intanet ɗin ƙasar, mutane suna cewa za su miƙa wa hukuma komai da komai. Masu karatu sun san dalilin sauyin, ba yara ba ne. Abin da ba su yafe ba shi ne an taɓa halin mutumin da suka sani, aka mayar da ɗan gidan ɓarayi mai taka-tsantsan da son sani ya koma mai wa'azi. Ramuka sun sa su ƙorafi, wannan kuwa ya sa su fushi.

Abin da aka biya

Da Agusta ta zo, marubucin ya dawo. Ya riƙa sakin wani gajeren ci gaba a intanet mai suna Shi Nian, "Shekara Goma", inda Wu Xie da Wang Mai Ƙiba suka koma Changbai, ya kuma kai shi ƙarshe a daidai lokacin da masu karatu ke kan dutsen. Wu Xie ɗin ba yaron da aka sani ba ne, ya zama mutum mai tabo a jiki da mutane a ƙarƙashinsa. Suka zauna a bakin ƙofa. Zhang Qiling ya fito, kamanninsa ba su sauya ba, ya dubi Wu Xie ya ce masa ya tsufa.

Shi ke nan. Ba a faɗi abin da ya gani a ciki ba, ba a faɗi me ake gadi ba. Masu jadawali da bishiyar zuriya ba su samu ko ƙwayar amsa ba, kuma wasunsu sun faɗi haka. Amma ihun 2011 bai maimaitu ba. Bashi biyu ake bin Baffa na Uku, na sirri da na mutum. Ya biya na biyun a ranar da aka sa, sai ga shi yawancin masu binsa sun yaga takardar na farkon. Kalmar "ka tsufa" ma ta sauka inda ya kamata, don wanda ya fara karatun yana ɗan sakandare a 2006 ya riga ya gama jami'a, wasu da aure da 'ya'ya.

Akwai wanda zai ce duk wannan talla ce, a shekarar da aka saki wasan kwaikwayo kuma ake shirin fim. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba. Marubucin ya kafa kamfani a kan labarin, fim ya fito a 2016 da Lu Han da Jing Boran, wasanni suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, 817 ta zama bikin shekara-shekara da ake yi a Changbai da Hangzhou, da dandamali da kayan sayarwa. Mutanen Erdaobaihe da suka sha mamaki a karon farko yanzu da shirinsu suke jiran Agusta. Sai dai ba kamfani ne ya ƙirƙiri jiran ba. An fara ƙirga kwanaki tun lokacin da marubucin ya ce ya daina, babu wasa babu fim. Kasuwa ta tarar da taro ne ta shimfiɗa tabarma.

A Hangzhou ma masu karatu suna zuwa tsibirin Gushan a tafkin Xihu, wajen tsohuwar ƙungiyar masu sassaƙa hatimi ta Xiling, inda labarin ya ajiye shagon Wu Xie, su kuma leƙa gidan abinci na Lou Wai Lou da ke kusa, inda aka ci abincin ban kwana.

Marubucin bai daina ba. A 2017 ya fara wani dogon ci gaba, Chongqi, da sababbin kaburbura da sababbin ramuka, masu karatu kuma suka koma matsa masa kamar da. Amma daga cikin abin da suka fi so a rubutunsa na baya-bayan nan akwai gajerun babuka da babu kabari a cikinsu ko ɗaya. Su ukun sun tare a wani ƙauye mai yawan ruwan sama a lardin Fujian, sun buɗe ɗan gidan abinci. Wang Mai Ƙiba yana girki yana faɗa da maƙwabta, Wu Xie yana lissafin kuɗi, Zhang Qiling yana ba kaji hatsi, har yanzu ba ya magana, kuma ba wanda ya ji daga bakinsa abin da ke bayan ƙofar.